Neman Yafiyar da Ya Kusa Watsa Mana Ƙungiya

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta wannan fili ina jinjina wa masu ƙarfin halin faɗin abin da ya same su, yau dai na ce bari ni ma in kawo nawa, ko wata mai irin halina za ta kauce wa ramin da na faɗa. Ni haifaffiyar unguwar Mandawari ce a birnin Kano, a nan na yi firamare, daga ita ban ƙara gaba ba aka yi mini aure ba nisa da gidanmu. Sana'ata ɗinkin hula, maigidana kuma takalma yake sayarwa a kasuwa. Lokacin da abin nan ya faru na aurar da autata, gida ya yi mini faɗi, daga ni sai allura da zare da rediyo. Kuma tun ina yarinya Allah ya yi ni da wasiwasi. Sai in yi alwala in dawo in sake, don ban tabbata ruwa ya kai gwiwar hannu ba. In na kulle ƙofa sai na dawo daga bakin lungu na girgiza kwaɗon. Akwai ranar da mai kayan miya ya ƙara mini tattasai, na kasa ɗora tukunya saboda ban ji ya furta da bakinsa cewa gyara ne ba, sai da na yafa mayafi na koma na tambaye shi. Maigida yakan ce da damuwa tana da kasuwa, da tuni ya bar takalma ya koma dillancin tawa.

Maƙwabciyata, wadda katanga ce kawai ta raba mu, ita ta ga zaman kaɗaici yana neman ƙarasa ni. Ta ce in zo in shiga ƙungiyarsu ta zumunci. Duk manyan mata ne, masu jikoki ko masu jiran jikoki, suna haɗuwa ranar Asabar bayan azahar, yau a gidan wannan, wani makon a gidan waccan. A ci abinci, a yi hira, in da mai biki ko suna a je mata, in da marar lafiya a je dubiya. Kafin in amsa sai da na gajiyar da ita da tambaya: me ake sakawa, a ina sabuwa take zama, wa ake fara gaisarwa, in an miƙo abinci sau nawa ake cewa an ƙoshi kafin a karɓa. Ta ce in dai ina da baki da ciki to na cika sharaɗi. Ranar farko na shiga, na durƙusa na gaida uwar ƙungiyar, wata Hajiya mai jiki da murya, ta dube ni sama da ƙasa ta ce wa sauran ga amarya an kawo musu, a yi mata a hankali kada ta gudu gida. Aka yi dariya, aka matsa mini wuri a kan tabarma, aka turo mini waina da miyar taushe. Kafin la'asar na yi dariyar da rabona da irinta tun ina budurwa. Da na koma gida maigida ya dube ni ya ce wace ce wannan, ina matarsa.

Na shiga jikinsu da sauri. Asabar ta zama ranar da nake jira, tun Alhamis nake goge mayafi. Abin da ya fi daɗi a zaman kuwa shi ne tsokana, kuma babu wadda ta tsira. Sai dai akwai wadda ake yi a gaban mutum, akwai wadda ake yi in ya tashi alwala ko bai zo ba. Hajiya uwar ƙungiya in ta ɗaga hannu za ta buɗe taro da addu'a, sai ta bi ta kan iyaye da kakanni, da matafiya, da masu naƙuda, da direbobi, da ɗalibai masu jarrabawa, har waina ta huce man miya ya daskare. In ta fita sai wata ta ce gara a riƙa fara addu'ar tun Juma'a. Akwai wata Hajiya mai turaren wuta, 'yar asalin Barno, duk abin da ta kawo sai ta ce daga Maiduguri aka aiko mata, har aka ce ko atishawa ta yi daga can aka aiko. Maƙwabciyata kuwa zoɓonta ake yi wa, wai ganyen zoɓon wucewa kawai ya yi ta gefen tukunya ya yi sallama. Sai wata baiwar Allah daga Shahuci, mai yin alkaki, marar yawan magana, wadda duk ranar taro sai ta zaro leda daga jaka ta ɗan ƙunshe abin da aka ci kafin ta tafi. Ita aka saka wa Hajiya Leda, ba ta sani ba. Duk waɗannan na yi dariyarsu, wani lokaci har na ƙara gishiri.

Ana cikin haka watan Sha'aban ya kama. Wata safiya ina ɗinki na ji malami a rediyo yana wa'azi kan giba, yana cewa ambaton ɗan'uwanka da abin da ba ya so a bayan idonsa kamar cin namansa ne, kuma haƙƙin mutum ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe. Allurar ta tsaya a hannuna. Na fara tuno Asabar ɗin da suka wuce ɗaya bayan ɗaya, na ga ashe ni nama nake ta ci da waina. Abinci ya fita raina. Kun san al'adarmu, in azumi ya matso kowa sai ya ce wa ɗan'uwansa a yafi juna, a amsa da Allah ya yafe mana baki ɗaya, a wuce. To ni sai zuciyata ta ce wannan yafiyar jimla ce, ba ta isa ba. Ta yaya mutum zai yafe abin da bai san an yi masa ba? Idan da ya sani ba zai yafe ba fa? Na tambayi maigida, yana daura agogo zai fita, ya ce in ce musu su yafe ni kawai in rufe bakina. Na ga kamar bai fahimci girman abin ba. Ban tambayi kowa ba bayan shi. Na yanke shawarar in bi su gida-gida, in faɗa wa kowacce abin da aka ce a kanta da irin dariyar da na yi, in shiga azumi da wankakkiyar zuciya.

Da maƙwabciyata na fara, tunda ita ce kusa. Na same ta tana tsince shinkafa, na zauna na sunkuyar da kai na ba ta labarin zoɓo tun daga farko. Ta yi dariya ta ce ta yafe, amma dariyar ba ta kai ido ba. Sai ta ce, ba don komai ba, wa ya fara faɗa? Nan na shiga wani sabon tashin hankali, don in na ce ban sani ba na yi ƙarya, ga azumi a bakin ƙofa. Na faɗa mata mai turare ce. Washegari na hau adaidaita zuwa wajen Ƙofar Dawanau gidan mai turare, na nemi yafiyar maganar Maiduguri. Ta ajiye kaskon da ke hannunta ta ce ta yafe duniya da lahira, amma wace mai dogon bakin ce ta ce har atishawarta? Na faɗa. Hajiya uwar ƙungiya kuwa da na gama yi mata bayanin addu'a, shiru ta yi tana jan carbi, sannan ta ce to madalla, ashe masu jin yunwa take tarawa. Ita ba ta tambayi suna ba, amma da shirun ya yi mini nauyi ni da kaina na zayyano mata. Duk gidan da na fito sai in ji kamar an sauke mini dutse daga ka. Ko kaɗan ban lura cewa a tsakar gidan mutane nake ajiye duwatsun ba.

Gidan mai alkaki na je a ƙarshe, kuma ban taɓa shiga ba, don duk lokacin da layi ya zo kanta sai ta ce gidanta ya yi ƙanƙanta, ta kai alkakinta gidan wata a yi a can. Ƙaramin gida ne a cikin wani lungu a Shahuci, a share tas. Ta shimfiɗa mini tabarma a ƙofar wani ɗaki mai labule, ta kawo ruwa. Ni kuwa da na saba aikin, ban ko rage murya ba, na gaya mata sunan da ake kiranta da shi, da yadda ake ƙifta ido in ta zaro ledar, da ranar da na kwaikwayi yadda take ƙulle bakin ledar. Ba ta tambayi wa ya fara ba. Ta yi murmushi ta ce ba komai, ta yafe. Sai na ji tari daga bayan labulen, muryar namiji a hankali, maganar tana ɗan jan harshe, yana tambayar wace ce ta zo. Ta ce baƙuwa ce, yanzu za ta tafi. Ta ƙunsa mini alkaki ta raka ni har soro. Na dawo gida ina jin na gama wanke kaina, har na ce wa maigida bana kam zan shiga azumi sakayau.

Asabar ta ƙarshe kafin azumi a gidan mai turare aka yi. Tun daga soro na ji iskar ta canja, gaisuwa gajeriya, kowa ta zauna ta kama jakarta a cinya. Mai turare ta dire tiren dambu ta ce wannan dai a Kano aka yi shi, kada wata ta shaƙe. Maƙwabciyata, da ba ita ce mai masauki ba, ta zo da jarka guda ta zoɓo, baƙi wuluk, mai kauri kamar kunu, ta tsiyaya cikin kofi ta ajiye gaban mai turare ta ce ta sha ta gaya mata ko wannan ma sallama ya yi. Aka ce Hajiya ta buɗe da addu'a. Ta ɗaga hannu ta ce Allah ya shirye mu, ta shafa. Ko amin ba a gama ba. Daga nan wuri ya kaure, wannan tana cewa ita ba ta taɓa cewa ba, waccan tana cewa ai ke kika fara, ana tono maganganun da tun kafin in shigo aka yi su. Wata ta miƙe tana neman takalminta, ta ce in haka zumuncin yake ita ta haƙura. Ni ina gefe ina mamakin me ya shiga tsakanin bayin Allah ana gab da azumi. Sai Hajiya ta buga tire da cokali, ta ce duk wadda aka je gidanta neman yafiya a makon nan ta ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi. Ta ce wa ya je? Idanu suka juyo kaina gaba ɗaya.

Ban san lokacin da na fara kuka ba. Na ce ni wallahi wuta nake tsoro. Hajiya ta ce ai kuwa ga ta na hura musu tun a duniya. Wannan maganar ce ta fasa dariya, mai neman takalmi ma ta dawo ta zauna. Hajiya ta sa na maimaita komai a gaban kowa, aka ga babu wadda ba ta yi ba, babu wadda ba a yi wa ba. Mai turare ta kurɓi zoɓon nan ta yamutsa fuska ta ce ita dai a dawo mata da mai sallama. Akwai wata malamar Islamiyya a cikinmu, ita ce ƙaramarmu, ba ta nan a makon da na yi yawona. Ta ce mini Yaya, wa'azin da kika ji gaskiya ne, kuma dukanmu ya kamata mu rage. Amma ɗaukar magana daga wannan a kai wa wancan shi ma babban laifi ne mai zaman kansa, kuma malamai da yawa sun ce in faɗa wa mutum zai ƙara masa ciwo, to ka tuba, ka yi masa addu'a, ka ambace shi da alheri a inda ka ambace shi da sharri. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ana cikin rarrashina Hajiya ta dubi gefen da mai alkaki take zama, ta ce ina 'yar Shahuci? Babu wadda ta gan ta. Ta juyo ta ce kada dai na je can ma. Na gyaɗa kai. Dariyar ta ɗauke.

A nan ne na ji abin da ban sani ba, wanda Hajiya kaɗai ta sani. Mijin baiwar Allah nan ya daɗe kwance da shanyewar ɓarin jiki. Da mutum ne mai jama'a, mai son zama cikin mutane, yanzu daga gado sai kujera. Ita ke jinyarsa, kuma fitar Asabar ita ce kaɗai fitar da take yi. Abin da take ƙunsowa shi take kai wa, ya ɗanɗana girkin wani gida, ita kuma ta zauna ta ba shi labarin taron. Na tuna tarin da na ji a bayan labule. Hajiya ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi tunda ƙafata ta san hanya, in shirya, jibi ni da ita za mu koma, kuma in dafa abin da na fi iyawa. Kwanakin nan biyu ban ɗinka ko layi ɗaya ba. Na yi ta tsara abin da zan faɗa ina rushewa. Maigida ya ce wannan karon in bar Hajiya ta yi magana, ni in riƙe kwano.

Muka je da hantsi, ni ɗauke da kular dambun shinkafa. Mai alkaki ta karɓe mu ba yabo ba fallasa. Hajiya ta yi ta kewaye-kewaye, ita kuwa ta ce ba ta riƙe kowa ba, sunan ma bai dame ta ba, ai ledar tana ɗauka. Abin da ya dame ta shi ne Malam, mijinta, ya ji komai, kuma tun ranar ya ce kada ta ƙara kawo masa abin da za a yi da ita saboda shi, ita kuma ta ga in ba za ta kawo masa ba, zuwan ba shi da amfani. Ta faɗa tana kallon tabarma. Na buɗe baki zan fara dogon bayani, Hajiya ta taka mini ƙafa. Sai muryar nan ta fito daga ɗaki, yana tambaya ko mai neman yafiya ce ta dawo. Muka matsa bakin labule muka gaishe shi, muka yi masa ya jiki. Ya ce da sauƙi, sannan ya tambaya ƙamshin me yake ji. Na ce dambu ne. Ya ce in dai nawa ne to a kawo, don a duk ƙungiyar ni kaɗai ce ba na tsoron zogale, sai dai ina tsoron gishiri kamar zai kai ni ƙara wajen alƙali.

Muka dubi juna. Matarsa ta rufe baki da mayafi. Ashe bawan Allah nan ya san girkin kowaccenmu ba tare da ya taɓa ganin fuskarmu ba. Ya ce tunda abin tone-tone ne, shi ma bari ya nemi tasa yafiyar, don shi da matarsa sun fi mu cin nama. Ya ce Hajiya in ta yi miya mai yana iyo a kai har mutum ya ga fuskarsa, mai turare kuwa har tuwonta ƙamshin humra yake. Ni kuma, wai matarsa tana kwaikwayon yadda nake tsayawa a soro in juyo in duba ko na bar wani abu, in tafi, in sake juyowa, har sai ya yi dariyar da take sa shi tari. Hajiya ta yi dariya har ta jingina da bango, ta ce Malam ashe da ɗan ƙungiya muke ba mu sani ba. Sannan ya ce gaskiya ya ji zafi ranar, ba don kansa ba, don ita. Amma Asabar ɗin da ta wuce da ta zauna a gida, sun yini suna kallon juna babu labari, ya gane fushin nasa su biyu kawai ya hora. Ya ce ta koma. Hajiya ta ce ba za ta koma da leda ba, daga yau duk gidan da aka yi taro, kwanon Malam za a fara zubawa kafin kowa ta sa hannu. Ya ce ya amince, da sharaɗin a zuba kafin addu'a.

Bayan Sallah ta dawo, kuma haka ake yi har yau. Ni aka ɗora wa kula da kwanon, wai tunda babu abin da nake mantawa. Tsokana ba mu daina ba, amma yawancinta ta dawo gaban ido, wadda kuma ba za a iya faɗa a gaban mutum ba sai ka ga an haɗiye ta. Ba zan ce komai ya koma yadda yake ba. Akwai mata biyu da har yanzu gaisuwa ce kawai tsakaninsu, kuma na san ni na jawo. Mai alkaki tana wasa da ni, amma ta ɗauki lokaci kafin ta sake zama kusa da ni.

Abin da na gane shi ne, duk yawon da na yi ba don su na yi ba, don kaina na yi. Ina neman in ji sanyi a raina, ban tsaya na tambayi kaina wa zai kwana da zafin ba. Ina kira ga 'yan'uwana masu irin zuciyata, masu tsoron haƙƙi, tsoron abu ne mai kyau, amma kada ku yi aiki da rabin wa'azi, ku je ku tambayi masu ilimi kafin ku yafa mayafi. Ku shiga cikin mutane, zama da su yana da daɗi kuma yana magani, ni shaida ce. In kun yi dariyar da bai kamata ba, ku daina, ku gyara a inda kuka ɓata. Kuma kafin ku buɗe baki a gidan da ba ku sani ba, ku tuna ba ku san wanda yake kwance a bayan labule ba. Allah ya yafe mana baki ɗaya.